Baki tukuna, sannan bik

Akwai wata yarinya a ajina na CM1, wato aji biyar na firamare, ba za ta wuce shekara 11 ba, tun da aka koma lakwal, wato makarantar boko, a watan Oktoba har sanyi ya shigo ban taɓa jin muryarta ba sai in ana kiran suna da safe, shi ma sai na ɗaga kai na duba ko ta zo, don abin da ke fitowa daga bakinta ko na kusa da ita bai kai wa kunne balle ni da ke gaban tablo. In na yi tambaya na nuna ta sai ta miƙe, ta sunkuyar da kai, ta kama bakin hijabinta tana murzawa har sai na gaji na ce zauna. A raina na riga na sa ta cikin yaran da muke cewa ba sa ja. Allah ya yafe mini.

Sai wata Lahadi na shiga kasuwar Dole ta nan Damagaram, ina fitowa ta wajen da ƴan kabu-kabu ke tsayawa na ji wata murya tana tashi tar, ta yarinya, kuma mutane sun ɗan taru suna dariya. Na leƙa. Ita ce wallahi, da farantin awara a gabanta, tana ce wa wani magidanci: "Haba Kawu, awara huɗu ka ci, kowace dala biyar, in kuɗin ne babu ka ce babu, mu ba ma hana bashi, amma kar ka ce uku ka ci alhali ina tsaye ina gani. Inna ta ƙirga su kafin in fito, ni kuma zan ƙirga mata kuɗi in na koma, to wa zai cika min dala biyar ɗin?" Mutumin ya yi dariya ya zaro kuɗi ya biya, yana cewa ke ɗiyar nan lauya za ki zama. Tana juyowa muka haɗa ido. Nan take muryar ta ɓace, ta durƙusa ta ce "Mushe ina wuni" can ƙasa-ƙasa, irin yadda na saba ji.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Yarinya ta kawo hujja, ta kawo lissafi, ta ba babba hanyar fita ba tare da ta kunyata shi ba, duk cikin numfashi uku, ni kuma wata uku ina mata kallon wadda ba ta da abin faɗa. To ashe ba ita ce ba ta da baki ba, ajin ne ba ya barin bakin ya buɗe.

Kuma na san daga inda abin ya samo asali don ni ma ta nan na biyo. Waɗanda suka yi lakwal zamaninmu sun san sambol. A tamu makarantar wani ƙashi ne aka huda aka zura masa igiya, duk wanda aka ji ya yi Hausa a harabar lakwal sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta laɓe yana saurare ko wani zai yi subul da baka ya sauke masa, wanda ƙashin ya kwana a wuyansa shi ke shan bulala. Abin da muka koya daga sambol ba Faransanci ba ne. Shiru muka koya. In ka yi Hausa ƙashi, in ka yi Faransanci ka karkace a yi maka dariya, to mafi sauƙi ka ja bakinka ka rufe har a tashi. Yau ba na ganin ƙashin a wuyan yara, amma tsoron yana nan bai je ko'ina ba, kuma mu malamai da aka rataya wa shi jiya mu ne ke riƙe da alli yau, muna gadar wa yara abin da aka gadar mana ba tare da mun sani ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne a garin nan ne fa. Damagaram, garin da in Sarki zai fito sankira da maroƙa ke cika fili da murya ba lasifika, garin wasan kara, inda bayan an yi girbi yara da samari ke haɗa kayan kara su kwaikwayi sarki da gwamna da manyan ƙasa, tafiyarsu da maganarsu, a gaban jama'a har da waɗanda ake kwaikwaya ɗin. Yaron da ke tashe da azumi gida-gida yana rera waƙa, yaron da ke ɗaga murya da karatu a makarantar allo har ana jin sa daga bakin titi, shi ne za mu ce wai bai iya magana gaban mutane ba? Kuma ba yau aka gano matsalar ba. Makarantar gwaji ta farko a duk Nijar mai koyar da yara da harshen gida tare da Faransanci, a nan Damagaram aka buɗe ta tun 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta. A watan Maris na 2025 kuma kundin da hukuma ta fitar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na ji daɗin wannan har raina, amma takarda ba ta shiga aji ta ce wa yarinya tashi ki yi magana, sai dai malam ya ce.

Kar wani ya ɗauka gaba nake da Faransanci. Ni da shi nake cin abinci, kuma yaran nan da shi za su rubuta jarrabawar BEPC da ta bak, manyan jarrabawar sakandare, wanda ya hana su shi ya cuce su. Abin da nake cewa kawai, yaro ba zai tsara magana a harshen da yake tsoro ba alhali ba a taɓa barin sa ya tsara ta a harshen da yake mafarki da shi ba.

To sai na fara wani ɗan abu a zauren gidanmu, ranar Alhamis bayan la'asar, na zaɓi Alhamis ne don ba a zuwa makarantar allo. Yara 9 na fara da su, yanzu in sun cika suna kai 23, har mun fito daga zauren mun koma ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Tabarma biyu, kaye, wato littafin rubutu, na dala ashirin-ashirin, fensir, shi ke nan kayan aikin. Na zana da'ira a ƙasa na ce duk mai magana nan zai tsaya, su kuma yaran da kansu suka raɗa mata suna fage, kamar na kokowa, yanzu sai ka ji suna cewa yau wa zai fara shiga fage.

Makonni uku na farko ban bari kowa ya taɓa fensir ba. Tatsuniya muka yi. Na ce ga ta nan ga ta nanku, suka amsa gaba ɗaya, na ba da ta Gizo da Ƙoƙi na tsaya a tsakiya na ce wa zai ƙarasa. Tatsuniya tana da daɗin farawa da ita don ba wanda zai ce ka yi kuskure, kowace kaka da irin tata, kuma a cikinta akwai duk abin da nake so su gane daga baya: akwai mafari, akwai inda abu ya rikice, akwai inda aka warware, sannan ƙurunƙus. Yaron da ya iya kai tatsuniya ƙarshe ba tare da ya zubar da ita a hanya ba ya riga ya iya tsara magana, suna ne kawai bai san abin ba.

Daga nan muka koma abin da nake kira abin da idona ya gani. Minti 2 kowa, ka ba mu labarin abu ɗaya da ka gani da idonka cikin makon nan. A nan ne na ga irin ɓarnar da hadda ta yi mana. Wani yaro, mai ƙoƙari ne sosai a aji, na ce ya yi magana kan ruwa, ya shiga fage ya ƙame kamar soja ya ce: "Ruwa abu ne mai muhimmanci a rayuwar ɗan Adam. Idan babu ruwa babu rayuwa. Ya kamata mu kula da ruwa." Ya tsaya yana jiran tafi. Na ce masa ɗana, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma a Yamai ma haka za a ce, a Faransa ma haka, ni na gidanku nake so in ji. Yau da safe wa ya ɗebo ruwan da ka yi alwala da shi? Ya ce ni. Ƙarfe nawa ka tashi? Ya ce kafin kiran assalatu. Da me ka je? Sai labari ya ɓalle. Bido biyu masu ruwan ɗorawa na lita 25, a kan kurar maƙwabta da ƙafarta ɗaya ke kuka, ya tarar da layi ya kai kwana, mutane sun jera bido tun dare sun tafi sun kwanta, wata tsohuwa ta aza dutse a madadin bokitinta ta ce dutsen nan ni ce, da ya kusa kai wa famfo sai ruwan ya fara zuwa sirit kamar zare, kowa ya yi tsit ana kallon bakin famfon, shi kuma yana ta addu'a a ransa Allah ya sa kar ya ɗauke sai ya cika ko da guda. Wallahi yaran nan ba wanda ya motsa har ya gama, don duk wanda ya tashi a garin nan ya san wannan tsit ɗin na bakin famfo lokacin zafi. Da ya fita daga fage na ce to wannan ita ce magana, ta farkon kuwa allon talla ce.

Tun daga ranar tambayoyina uku ne, kuma yaran sun haddace su har suna yi wa juna: me ka gani, me ka ji da kunnenka, wa ya ce me. In yaro ya ce kasuwa ta cika, sai wani ya ce da me ta cika? In ya ce Baba ya yi fushi, sai a ce yaya aka yi ka gane ya yi fushi? Sai ya ce ai cire hula ya yi ya ajiye a gwiwa bai ce komai ba. Yauwa, wannan za ka rubuta.

Rubutu sai bayan baki ya gama nasa. Ina ce musu yanzu abin nan da bakinka ya faɗa, shi za ka sa hannunka ya faɗa, kar ka ƙara masa kwalliya. Kuma a nan wata matsalar ta fito wadda duk ɗan Nijar ya san ta: yaranmu da ƙa'idar Faransanci suke rubuta Hausa, don ita kaɗai aka koya musu. Kayen farko da na buɗe na ga "na tchi touwo da miyar kouka, na cha roua". Ban yi faɗa ba, ai ba laifinsu ba ne, manya ma haka muke yi a WhatsApp da Facebook, har a allunan shaguna. Na hau bango da alli na nuna musu cewa a Hausa u ita kaɗai ta isa ba sai an jingina mata o ba, c ita ce ta ci da ciki, sh ita ce ta sha da shanu, wasula biyar ne kuma yadda ka ji haka za ka rubuta, babu harafin da ke zaune a ƙarshen kalma yana barci ba a furta shi. Kun san me ya faru? Cikin zama biyu suka kama. Yaran da suka shekara huɗu suna kokowa da dikte, wato shiftar Faransanci, suna samun sifili, suka ga ashe akwai rubutun da kunnensu ke iya yi musu jagora. Wata ta ce Mushe ashe rubutu ba wuya, na rasa abin da zan ce mata.

Haruffa masu lanƙwasa su suka fi ba mu dariya da aiki, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Na rubuta "na je fada" da "na je faɗa" na ce wanne za ka aika wa mahaifinka? Na rubuta kura da ƙura, baki da baƙi, kafa da ƙafa, suka yi ta kawo nasu. Na kuma nuna musu cewa mu a Nijar ƴ muke rubutawa, a littattafan da ke zuwa daga Kano da Zariya kuma za su ga 'y, duk abu ɗaya ne kar ya ruɗa su. Akwai wani yaro da bai taɓa shiga lakwal ba, almajiri ne a unguwar, yana tsayawa daga nesa yana kallo har ranar da na ce ya matso. Bakinsa ya fi na kowa kaifi. Da aka zo rubutu ya ce shi sai dai da ajami, na ce bismilla rubuta, ya rubuta shafi guda tsaf daga dama zuwa hagu ya karanta mana, ƴan lakwal suka zagaye shi suna leƙe. Yanzu yana koyon boko wurinsu, su kuma ƴan allon cikinsu sun fara gwada rubuta Hausa da haruffan da suka sani tun suna ƙanana.

Jan bik, wato jan alƙalamin gyara, ba ya zuwa wurin nan. Na san abin da yake yi wa yaro, ka ba da kaye da zuciya ɗaya a dawo maka da shi kamar an yanka kaza a kai. Da fensir nake gyara, kuma gyara biyu kacal a rubutu ɗaya ko da kuskuren ya kai talatin, sauran na bar su sai wani zaman. Kafin in gyara kuma sai mai rubutun ya karanta abinsa da ƙarfi, don rabin kuskuren kunnensa ne ke kamawa, sai ka ga ya tsaya ya ce a'a nan na tsallake kalma. Aya da waƙafi ma ta haka na koyar, inda numfashinka ya ɗan tsaya sa waƙafi, inda ka sauke shi gaba ɗaya sa aya. Ba ita ce dukkan ƙa'idar ba amma ta isa mafari.

Abin da ya fi ba ni wahala ba rubutu ba ne, maganar kunya ce. Mu an tarbiyyantar da mu yaro ba ya kallon babba cikin ido, ba ya ɗaga murya gaban manya, in ana magana ba ya tsoma baki, kuma ni ban ga aibin wannan ba, ina so ƴaƴana su tashi da shi. Amma littattafan koyar da jawabi da na taɓa gani duk cewa suke ka kafe mutane da ido, ka buɗe ƙirji, ka yi kamar kai ne mai wurin. In na koya wa yaran unguwannin Birni da Zango wannan, ranar da suka gwada shi a gida an gama da ni da su. Sai da na zauna na raba abu biyu da muke haɗawa: kunya daban, tsoro daban. Mai kunya yana sallama, yana gaida manya, yana neman izini, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi a ji. Mai tsoro kuwa ko an ba shi izinin ba abin da zai fito. Don haka duk mai shiga fage da sallama yake farawa, ya ce iyayena da yayyena da ƙannena ina gaishe ku, ido kuma na ce ba sai ka zuba shi cikin na babba ba, dubi hularsa ko goshinsa, ka ɗan juya dama ka ɗan juya hagu don na gefe su san da su ake. Murya kuma ta kai ga na ƙarshen tabarma. Ƴan matan na ce musu muryar talla nake so, ba ta aji ba, suka fashe da dariya amma sun gane.

Mahaifin yarinyar nan mai awara ya zo wata Alhamis, ana cikin zama. Dattijo ne, ya girme ni nesa. Na tashi na tare shi muka gaisa, ya ce: "Mushe, an ce min kana tsayar da ɗiyata gaban maza tana ɗaga murya. Ni ban sa ta lakwal don ta zama fitsararra ba." Na ce: "Baba, gaskiyarka, kuma da fitsara nake koyarwa da ni ma ban yarda a kawo tawa ba. Ga tabarma, don Allah ka zauna ka ji da kunnenka, in ka ga abin da bai dace ba yau ɗin nan za ta bi ka gida." Ya zauna a gefe. Ban sa ta ta yi magana ba don na san gabansa ba za ta iya ba, kuma bai kamata in matsa mata ba, wasu ne suka shiga fage. Da aka tashi na raka shi na ce: "Baba, wata rana yarinyar nan za ta tsaya gaban likita da ɗa a hannu ba lafiya, a ce mata yaushe ya fara, me ya ci, me kika ba shi, kuma ba kai ba ni a wurin. Ko ta tsaya gaban alƙali kan haƙƙinta. Ranar nake so bakinta ya buɗe." Bai ce e ba bai ce a'a ba, ya ce Allah ya yi mana jagora ya tafi. Alhamis ta gaba ina ta duban hanya. Ta zo, a makare, da farantin a kai.

Muhawara muka shigo da ita daga baya, kuma ita ce suka fi so. Zaman birni ko zaman ƙauye, damina ko rani, a bar yara su yi talla ko a hana. Doka ɗaya na kafa wadda ba na sassautawa: kafin ka ba abokinka amsa sai ka maimaita abin da ya faɗa har ya ce e haka na ce. Da farko abin ya gagara, kowa jira yake ɗan'uwansa ya rufe baki ya jefa tasa, sai aka ga ashe rabinsu ba sa ma jin me aka ce. Kuma ai haka muke mu manya, je ka kowace fada da dare ana shan shayi ka saurara, mutum biyar na magana ba mai sauraro. Ina yawan tunanin samarin garin nan da ake kuka da su kan faɗace-faɗace, da yawansu na san su tun suna CI, wato aji ɗaya, yara ne da ba a taɓa tambayarsu me ke ransu ba, ba a taɓa koya musu yadda mutum zai ce an zalunce ni da baki har a saurare shi ba. Ba na cewa wannan ne kaɗai dalili, talauci da rashin aikin yi suna nan, amma yana ciki.

Wani lokaci ina ɗaukar muryarsu a salula in kunna musu su ji kansu. Mai cewa "to, to, to" sau goma cikin minti ɗaya da kansa yake ganewa, ba sai na faɗa ba. Ana gamawa nake gogewa a gabansu, ba na sa ɗan kowa a intanet.

Ba komai ke tafiya daidai ba. Lokacin girbi wasu kan ɓace su tafi ƙauye taya aiki, watan Afrilu da Mayu kuma zafi kan sa ko ƙarƙashin dalbejiyar ba ya zaunuwa sai gab da magariba. Akwai yaro mai i'ina da har yanzu ban samo kansa ba, a tatsuniya da waƙa bakinsa na tafiya sumul, da an ce ya ba da labari sai ya sarƙe, abin da na iya kawai shi ne na hana kowa ƙarasa masa kalma, a jira shi ko zai kai yaushe. Akwai wadda aka cire daga lakwal gaba ɗaya, kayenta na nan wurina da rubutu shafi 6. Sannan babu abin karantawa. Littattafan Hausa da ake samu a kasuwa yawancinsu na soyayya ne na manya, ba abin da zan miƙa wa ɗan shekara 10 ba. Shi ya sa muka fara haɗa namu, duk rubutun da ya yi kyau mai shi ya sake kwafe shi a takarda mai tsabta, matata ta ɗinke da zare da allura ta sa masa bangon kwali. Yanzu muna da guda 2, suna yawo gida-gida, na farkon har ya yi baƙi don hannu, kuma an ce min a wani gida uwar ce ke sa a karanta mata da dare.

A aji kuwa, ranar redaksiyo, wato darasin tsara rubutu da Faransanci, yanzu kafin su taɓa bik ina ba su minti 5 kowa ya gaya wa na kusa da shi abin da zai rubuta, da Hausa, ya ƙirga abu uku a yatsa, na farko, na tsakiya, na ƙarshe. Sannan a juya zuwa Faransanci. Kuskuren nahawu na nan, ban ce ya tafi ba, amma an daina miƙo min farar takarda ko layi biyu da aka kwafo daga tablo, yanzu akwai abin gyarawa. Ita ma mai awara ta ɗaga hannu a aji sau biyu cikin watan nan. Na biyun ta sa "le" inda ya kamata ta sa "la", wasu suka fara ƙyalƙyala, kafin in buɗe baki yaron nan na bido ya juya ya ce ku bari ta gama. Ta gama.

Aikin da na ba su na wannan makon shi ne kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwar gidansu ya tambayo abin da suka ji game da ganuwar Birni da Sarki Tanimun ya gina, da lokacin da Damagaram ce babban birnin ƙasa kafin Nasara su mayar da shi Yamai a 1926, ya rubuto yadda aka faɗa masa, da bakin mai faɗar, kar ya gyara. Jiya da magariba ɗaya daga cikinsu ya biyo ni masallaci ya ce Mushe, kakata ta ce ita ba ta ba da labarin sarakuna da baki haka nan, sai an kai mata goro. Na ce ta yi gaskiya, haka ake yi. Gobe in Allah ya kai mu zan biya kasuwa in sayo na dala arba'in in ba shi ya kai mata, kuma na ce ya tambaye ta ko za ta yarda ta zo ranar Alhamis ta faɗa mana da kanta, mu shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar fage.